Ƙanena Mai Mutuwa A Madadin Wasu

Ƙanena Emil Baranski ya mutu sau sittin da wani abu kafin ya cika shekara arba'in, kuma kusan duk kayan da ya mutu a cikinsu ni na ɗinka su da hannuna. An harbe shi a kan bene, an harbe shi a bakin gada, an jefo shi ta taga, sau biyu mota ta banke shi. Da yamma sai ya shigo gida yana ɗingishi ya ce, "Yaya Wanda, akwai sauran miya?" Wanda sunana ne. Mutuwar kuwa sana'arsa ce, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, nan Los Angeles. Kamfanin da muke wa aiki ba ya cikin manya, abin da ya iya kawai fim ɗin 'yan daba, kuma duk labarin ɗaya ne. Yaro ya taso a lungu, ya samu bindiga, ya samu kwat mai tsada da mace mai jan baki, ya zama uban daba, gari ya ɗauka. Daga nan sai gangara. Dole ya yi mummunan ƙarshe, don masu tace fina-finai ba sa barin mugu ya sha, ko da 'yan kallo sun fi ƙaunarsa a kan 'yan sandan. To amma wa zai bar jarumi, mutumin da fuskarsa ce ke sayar da tikiti, ya gangaro daga matakala ashirin? Sai a ɗauki hotonsa yana dafe ƙirji yana lumshe ido, darakta ya ce tsaya, ya koma kujerarsa a kunna masa taba. Emil ya sa kaya irin nasa sak, ya hau, ya faɗo.

Ni ina ɗakin ɗinki. Duk kwat ɗin da aka yanka wa jarumi sai an yanka ɗan'uwansa, yadi ɗaya, maɓalli ɗaya, sai dai na biyun ina cusa masa auduga a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya. Na san jikin Emil fiye da likitansa. Na san haƙarƙarin da ya taɓa karyewa, na san inda zan ƙara auduga ba sai ya faɗa ba.

A Chicago aka haife mu, bayan mayanka, inda warin jini ke biyo mutum har cikin coci. Babanmu Kazimir shekara talatin yana feɗe shanu. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na samu aikin ɗinkin nan, na kwaso su biyun na taho da su. Emil ya fara da aikin kafinta, yana haɗa gidajen ƙarya na katako da ake ɗaukar fim a gabansu. Wata rana ya zamo daga saman tsani, ya mirgina, ya miƙe yana dariya yana kaɗe wando. Wani tsohon mai faɗuwa da ke wajen ya kira shi gefe, daga ranar bai sake riƙe guduma ba.

Faɗuwar ba ita ce wahalar aikin ba, in ji Emil, ko buhun dankali ya iya faɗuwa. Wahalar ita ce ɓoye fuska. In kyamara ta ga fuskarka ko da ƙiftawar ido ne, 'yan kallo sun gane ba jarumin ba ne, aiki ya lalace, gobe ba za a neme ka ba. Saboda haka kana gangarowa kana lissafin inda kyamarar take, kana juya wuya, kana ɗaga hannu ka rufe, in ka iso ƙasa ka kife ka fuskanci bango. Shekara goma sha bakwai yana wannan. Har ta kai in ana ɗaukar hoton biki a coci, sai a wanke hoto a ga kowa yana murmushi, shi ya juya yana kallon wani abu a gefe.

Baba kuwa bai taɓa yarda ba. Ba wai yana cewa ƙarya Emil yake yi ba, a'a, da ma hakan ya faɗa da an huta. Tsokana ce kullum ranar Lahadi, in mun dawo coci mun zauna kan miyar kabeji da baƙin burodi.

"Wannan makon kuma wa ka zama, ranka ya daɗe?"

"Vic Halloran, Baba. A sabon fim ɗin, wurin da ya faɗo daga rufin otal, ni ne."

"Oho. Ai na gani. Na biya kuɗina na zauna, na ga Halloran ya hau, na ga Halloran ya faɗo. Kai dai ban gan ka ba."

"Ai aikin ke nan, kar a gan ni."

"To madalla. Ni ma ke nan ni ne na ci yaƙi, ba a dai gan ni ba." Sai ya tsoma burodi a miya. "Ɗan maƙwabciyarmu Misis Novak direban bas ne. In ya wuce ta bakin layi ina ganinsa, har ya ɗago min hannu. Uwarsa tana iya nunawa ta ce ga ɗana."

Ni ce ke hayayyaƙowa. "Haba Baba! Ka ga bayansa jiya? Duk ya yi baƙi! Halloran ɗin naka ko daga kan gado ya faɗo sai an kira masa likita!" Emil kuwa murmushi kawai yake yi, yana juya cokali. Wannan murmushin ya fi komai ƙona min rai, don na san abin yana cin sa.

A farkon shekarar arba'in da tara likita ya duba idon Baba ya ce yanar ido ta rufe ɗaya, ɗayan ma yana hanya, kuma da shekarunsa da zuciyarsa ba zai yarda ya taɓa shi da wuƙa ba. Shekara guda ta rage masa yana gani, in an yi sa'a. A hanyar dawowa Baba yana gaba da sandarsa, Emil ya rage murya ya ce da ni, "Yaya, sau ɗaya nake so. Ya zauna a sinima ya ga fuskata ta cika bango, ya ce ga Emil. Daga nan in ma ya makance, ya makance da saninsa."

Ya fara bin daraktoci yana roƙo, mutumin da bai taɓa roƙon ko ashana ba. Dariya suke masa. Me za mu yi da fuskarka, Baranski, bayanka muke saya. Sai da aka shiga bazara sannan Mista Kessler, wani gajeren darakta mai masifa kamar ya ci wuta, ya ba shi dama, shi ma don wanda aka ɗauka ya yi tatil da giya bai zo aiki ba. Matsayin direban uban daba ne. Magana ɗaya tak zai yi: ya fito saman bene ya ce, "Maigida, sun kewaye gidan!" Sai a harbe shi, ya gangaro, ya tsaya rigingine a gaban kyamara, ido buɗe, fuskarsa ta cika hoto. Tasa mutuwar, da tasa fuskar, har da sunansa a rubuce a ƙarshen fim.

Ranar da ya kawo labarin, Baba ya ɗago kai ya ce, "In na gani na yarda." Amma washegari na ji shi ta taga yana gaya wa Misis Novak.

Yanzu ga inda laifina ya shigo, ba zan ɓoye ba. Kwat ɗin da aka ware wa direba wani tsumma ne, ya yi masa yawa a kafaɗa, ba auduga ko ƙwaya. Na ce wallahi ƙanena ba zai fito duniya ta gan shi a cikin wannan ba, kuma ba zai gangaro matakala ashirin da biyu ba abin da zai tare masa ƙashi ba. Na ɗauko kwat mai ruwan toka da na ɗinka masa don faɗuwar Halloran, jarumin da ya fito a uban daba a wannan fim ɗin, wanda daga baya aka fasa amfani da shi saboda an canja ƙarshen labarin. Ya zauna masa ɗas. Na canja masa hula da ɗamarar wuya, na ce shi ke nan, wa zai lura.

Ƙarfe goma na safe aka fara. A cikin babbar rumfar ɗaukar fim an kashe fitilu an ƙirƙiro dare, an bi matakalar da tiyo an jiƙa ta don ta riƙa ƙyalli, ana ta hura hayaƙi. Ina tsaye bayan masu fitila da allura a ƙirjin rigata.

"Fara!" in ji Kessler.

Emil ya fito. Maganar ta fita tsaf, muryarsa har da rawar tsoro, ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. Bindiga ta yi ƙara, ya dafe ciki, ya gangaro kamar yadda ya saba, ba abin da za ka kushe. Ya iso gaban kyamara ya tsaya cak, hannu a kan fuska, ya juya wa kyamarar ƙeya.

"Tsaya! Baranski, ina fuskar?"

Emil ya miƙe yana ƙifta ido. "Ban nuna ba, yallaɓai?"

"Ƙeyarka ka nuna min! Ina da ƙeyarka cike da gwangwanin fim guda a ajiye! A sake!"

Aka sake jiƙa matakala. Ya hau, ya faɗi maganarsa, ya gangaro. Wannan karon ya iso rigingine, har na fara jin daɗi, sai ga hannun dama ya taso da kansa ya kwanta a kan idanunsa. Na uku ya kife. Na huɗu ya fuskanci bango. Na biyar da na shida ma duk haka. Masu fitila suka fara ƙunshe dariya, wani ya ce, "Kunya yake ji, amarya ce." Na juya na ce in ya ƙara sai na ɗinke masa baki.

Kessler ya cire hularsa ya maka da ƙasa. "Kai, wane irin mutum ne kai? Wata uku kana bina kamar kare, ka nuna ni, ka nuna ni. Ga kyamara, ga fitila, ga fim yana ƙonewa! Abin da jariri ya iya! Ka kwanta ka kalli sama!"

Aka ba da hutun minti goma. Na same shi zaune a matakalar ƙasa, gumi ya jiƙa shi, leɓensa ya fashe.

"Emil, me ke damunka ne? So kake ka kashe ni?"

"Yaya, wallahi ba ni ba ne. Tun daga sama nake ce wa kaina buɗe, buɗe, buɗe. Ina zuwa matakala ta goma sai kaina ya ɗauke, jikin ya karɓa. In na farga sai in ga hannun ya riga ya rufe." Ya kalli hannun nasa kamar na wani ne. "Ɗinke min shi."

"In ɗinke me?"

"Hannun rigar. Ki haɗe shi da jikin kwat ɗin, yadda ba zai ɗagu ba."

"Ka haukace? Da wannan hannun kake tare ƙasa! Ƙashin kafaɗarka kake so ka bari a nan?"

"Saura sau nawa kike jin zai ba ni? Ɗinke kawai."

Na zage shi, na zagi Kessler a zuciyata, na zagi Baba da bakinsa, na zagi kaina. Sannan na zaro zare mai kauri na ninka shi huɗu, na ɗinke hannun dama da gefen kwat tun daga hammata har wuyan hannu. Sau biyu na soki kaina.

Karo na bakwai ne. Ya fito, ya yi maganar, bindiga ta tashi. Abin da ya biyo baya ba faɗuwar gwani ba ce, faɗuwar gaskiya ce. Ba hannun tarewa, sai ya zo da kafaɗa, ya daki ƙarfen gefe, ya wuntsila, ƙafafu sama, hula ta yi nata wuri. A tsakiyar matakala na ji ƙarar ƙashi, kowa ma ya ji. Ya zube a gaban kyamara rigingine, hannun yana ɗinke inda na ɗinke shi. Sai wuyan nan, wuyan banza, ya juya a hankali ya kai fuskar bango.

Ba wanda ya yi dariya. Kessler ya daɗe tsaye, sannan ya ce, "Ya isa. A kira mota."

Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa da na kafaɗar kanta ne suka karye. Likita ya ɗora, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba, kuma wannan ce faɗuwarsa ta ƙarshe. Daga baya gadin ƙofa kamfanin ya ba shi. A gadon asibiti abin da yake ta nanatawa shi ne, "Ba komai, ai maganar tana nan. A saman bene fuskata a buɗe take, sau bakwai suka ɗauka. Baba zai gani." Ni ma da haka na riƙa lallashin kaina.

Abin da ba mu sani ba, don wa zai tsaya ya gaya wa tela da mai gadi, shi ne masu tace fina-finai sun dawo da fim ɗin. A yadda aka ɗauka da farko, Halloran yana mutuwa ne zaune a kujera, taba a baki, yana zuba kalamai masu daɗi. Suka ce wannan mutuwar ta yi kyau da yawa, samari za su fita suna sha'awar zama irinsa, a kashe shi kisan wulaƙanci ko fim ya zauna a akwati. Halloran kuwa ya riga ya tafi wani aikin, har ya tara gemu. Sai mai haɗa fim ya shiga tone-tone a gwangwanayen ajiyar fim, ya ci karo da wani mutum cikin kwat mai ruwan toka irin na Halloran sak, yana gangarowa daga bene kamar an jefo nama, ba fuska ko ɗaya. Suna da hoton Halloran tsaye a saman wannan benen. Almakashi ya yi sauran aikin. Direba kuma ba zai mutu a benen da maigidansa zai mutu cikin kaya iri ɗaya ba, sai aka yanke fitowarsa da maganarsa gaba ɗaya.

Ranar Asabar da rana muka je, kallon ƙarfe biyu. Baba ya sa kwat ɗinsa na coci, ya goge tabarau ya fi sau biyar a cikin bas. Muka zauna layi na uku daga gaba saboda idonsa, wuyanmu a ɗage. Ni a dama, Emil a hagu da hannunsa rataye.

"Ya fito?" in ji Baba, tun ba a yi minti goma ba.

"Tukuna, Baba. Sai can ƙarshe."

Bayan ɗan lokaci ya sake. "Wancan mai hular?"

"A'a, Baba. Zan taɓa ka in an zo."

Aka zo. Na gane benen, na gane ƙyallin ruwan. 'Yan sanda sun kewaye gida. Emil ya miƙa hannun hagu ya dafa gwiwar Baba. Ƙofar saman bene ta buɗe, sai ga Halloran. Bindiga ta tashi, Halloran ya dafe ciki, sai ga ɗinkina yana gangarowa, hannun dama manne da jiki. Wata mata a bayanmu ta ƙwalla ƙara. Wani ya ce, "Wayyo!" Gidan ya yi tsit har gawar ta juya fuska bango. Sunaye suka hau, na bi su ɗaya bayan ɗaya har fitila ta kawo, ba sunan Emil. Emil ya janye hannunsa daga gwiwar Baba tuntuni.

Muka fito rana tana dukan ido. Na kasa kallon kowa. Baba ya tsaya a bakin titi yana gyara tabarau.

"To. Ban gan ka ba."

"Sun yanke, Baba," in ji Emil.

"Sun yanke." Ya gyaɗa kai, ko tsokanar ma bai yi ba, abin da ya fi min ciwo ke nan. Muka yi taku kaɗan, sai ya tsaya ya buga sanda a ƙasa. "Amma fa wannan Halloran ɗin namiji ne. Kun ga faɗuwar nan? Shekara talatin ina ganin abu mai rai yana zubewa, na san ta gaskiya na san ta wasa. Wannan mutumin ya ba da jikinsa. Bai tare ba, bai ji tsoro ba. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba a sinima." Ya juyo wajen Emil. "Da irin wannan kake yi, ai da ni da kaina zan bi layi ina gaya wa mutane."

"Baba! Wallahi tallahi wannan ɗin..."

Emil ya damƙe min hannu, da ƙarfi har na ji zafi. Baba ya riga ya ci gaba, yana lalube gefen titi da sandarsa.

"Sake ni in gaya masa! Ni na ɗinke hannun! Ga karayar a jikinka!"

"Zai ce kowa ma zai iya cewa shi ne. Daga nan kuma sai ya fara neman aibin faɗuwar." Idonsa ya yi ja, amma muryar ba ta rawa. "Bar shi, Yaya. Shekara goma sha bakwai, yau ne ya fara yabon aikina. Kar ki sa ya janye."

Ya sake ni, ya ƙara sauri ya cim ma Baba, ya kama masa gwiwar hannu da hannunsa mai lafiya, suka tsallaka zuwa wurin jiran bas.